Tambaya da Amsa: Ni kaɗai a dandamali, mata uku a wasan

Tambaya: Ƙungiyarmu ta unguwa ta ba ni wasan daɓe da zan yi ni kaɗai, in fito a uwa, in fito a 'yarta, in fito a kishiya. Ban taɓa hawa dandamali ba. Yaya zan yi kada 'yan kallo su rikice?
Wata mai karatu, Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki shiga bayan labule sauya kaya. Da zarar dandamali ya zauna wayam, hira ta ɓarke, kuma dawo da hankalin mutane aiki ne. Mayafi ɗaya ya ishe ki: lulluɓi ga uwa, a kafaɗa ga 'yar, ɗamara a ƙugu ga kishiya. Kowacce ki ba ta muryarta da wurin tsayuwarta. Idan uwa na yi wa 'yar faɗa, ki kafe ido a wuri guda, misali ƙusar da ke bangon hagu, kullum can. Idon da ke yawo shi ke tona asirin sabuwar 'yar wasa.

Wasan kada ya wuce minti 30 zuwa 40. Ki raba haddar gunduwa-gunduwa, minti 3 kowacce, ki fi matsa wa mahaɗarsu, don nan ake kakarewa tunda babu abokin wasan da zai jefo miki magana. A ajiye mai tuni da takarda a gefe.

Maimaicin ƙarshe ki yi shi a wurin wasan, janareta a kunne, wata ta zauna a layin baya ta faɗa miki inda muryarki ke ɓacewa.