Injin yankan ciyawa na gwanjo: a duba ƙarfen mariƙi kafin a biya

Wani malami da ke zaune a gidajen ma'aikata a Samaru ya rubuto cewa: "Tun da damina ta kankama ciyawa ta cinye mana fili, lauje ya gaza. Na ga injin yankan ciyawa na gwanjo mai fetur a Sabon Gari, da sauƙin kuɗi. Sai dai ƙarfen nan na jikin mariƙi, wanda ake matsewa kafin inji ya tashi, an ɗaure shi da waya. Mai kayan ya ce hakan ya fi daɗin aiki. In saya? Kuma ɗana mai shekara 10 zai iya taya ni yankan?"

Malam, kada ka saya a haka. Wannan ƙarfe shi ne birkin wuƙar. An ƙera shi ne don da zarar hannunka ya saki, wuƙa ta tsaya cikin daƙiƙa 3, kuma tun 1982 Amurka ta wajabta shi a kan injinan turawa da ake sayarwa a can. Wanda ya ɗaure shi da waya ya cire abin da zai cece ka ranar da santsi ya kwashe ka.

Ka ce wa mai kayan ya kwance wayar a gabanka, a tayar da inji, ka saki ƙarfen da hannunka. In ya mutu nan take, ku yi ciniki. In ya ci gaba da ruri, bar masa kayansa, ko nawa ya rage maka. Ka kuma leƙa ƙasa: wuƙar ba ta tsage ko lanƙwashe ba, kuma murfin da ke tare bakin da ciyawa ke fita yana nan?

Wuƙar nan tana juyawa kusan sau 3,000 a minti guda. A cikin watan Agusta, ciyawar Zariya jiƙe take, tana cushewa a ƙarƙashin inji, kuma a nan ne mutum ke sunkuyawa ya zura hannu don ya zaro ta. Wannan sunkuyawar ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin yatsun da wuƙar ta kama ba kasafai likita ke iya mayar da su ba. Kashe inji, zare wayar fulogi, sa'an nan ka tono ciyawar da sanda. Zare wayar ya zama dole, saboda juya wuƙa da hannu na iya tayar da inji. In ka jira raɓa ta bushe kafin ka fara, cushewar ma za ta ragu.

Kafin ka tayar, zagaya filin ka tsince tsakuwa, ƙusa, kwalba da guntun waya. Ƙasarmu ba ta rabo da tsakuwar marmara, wuƙa kuwa harba ta take yi kamar daga bakin bindiga. Sa takalmi sau-ciki mai kauri, da dogon wando, da tabarau. Silifas a bar su a ɗaki, haka ma babbar riga. Inda fili ke da gangara, ka yanka a gicciye, kada ka ja injin baya zuwa ƙafarka.

Batun yaro kuwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada yaro ya tura irin wannan inji sai ya kai shekara 12, wanda ake hawa a tuƙa kuma sai 16. Ni ma a nan na tsaya. Ya taya ka tsintar duwatsu, in an tayar da inji ya shige gida tare da ƙannensa.

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta tambaya: "Mai lantarki ko mai fetur, wanne ya fi aminci ga ƙaramin fili?"

Hajiya, mai lantarki ya fi sauƙin ƙara, ba shi da hayaƙi, amma wayarsa doguwa ce, ana iya taka ta da wuƙa, kuma ba a kusantar jiƙaƙƙiyar ciyawa da shi. Ga kuma halin wutarmu. In fili ƙarami ne kuma kuɗi sun kai, mai batir ya fi. In mai fetur kika saya, a kula da abu biyu. Ba a zuba mai inji na da zafi, a bar shi ya huce tukuna. Ba a kuma tayar da shi cikin gareji ko zaure, domin hayaƙinsa irin na janareta ne, yana kisa ba tare da an ji wari ba. In mai gadi ne zai riƙa aikin, ki saya masa takalmi da abin toshe kunne ranar da kika sayi injin, ki kuma tsaya ya nuna miki inda wayar fulogi take.