Amsa: Na haɗa sabon injin zarto, me ya sa yake ƙona katako?

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa injin, ma'aunin ruwa ya nuna teburin ya zauna daidai, amma katako na fitowa da ƙuna a gefe. Ba daga ƙasa matsalar take ba. Abin da ake nema a ƙasa kawai kada injin ya riƙa girgiɗi. Ka tokare ƙafar da ta ɗaga, ka wuce wurin.

Aikin yana wajen dogon kwarin nan da aka fafe a saman tebur, a gefen zarto, daga gaba zuwa baya. Shi a jikin teburin yake, ba a saita shi shi kaɗai, don haka komai shi zai bi: zarto tukuna, sannan fens, wato dogon ƙarfen da ake jingina katako a jikinsa wajen yanka.

Zare wuta daga soket kafin ka kai hannu. Ɗaga zarton har ƙarshe, ka yi wa haƙori ɗaya alama. Auna tazararsa da kwarin ta gaba, ka juya wannan haƙorin dai zuwa baya, ka sake aunawa. Dole haƙori ɗaya ne, domin faifan zarto ba ya rasa 'yar karkata, in ka canja haƙori awon zai yaudare ka. Ni ba na barin bambancin ya wuce milimita 0.1. In ya wuce, sassauta notocin da suka riƙe teburin, ko na mariƙin zarton in irin injinka ke nan, ka bar ɗaya da ɗan ƙarfi, ka riƙa bugawa a hankali da gudumar roba. Ɗaure su kaɗan-kaɗan, bi da bi, ka sake awo, don wajen ɗaurewa saiti ya fi gocewa.

Fens kuwa, ya tafi daidai da kwarin, ko bayansa ya ɗan buɗe kamar kaurin takarda. Kada ka yarda bayansa ya matso wajen zarto. Nan ne katako ke matsewa ya ƙone, wata rana ya dawo wa mai yanka da ƙarfi. Na ga wanda hakan ya raunata, shi ya sa nake nanatawa. Wuƙar da ke bayan zarto, wadda ke hana katako matse shi, ita ma ta tsaya layi ɗaya da shi, kuma kada ka cire ta.

Fukafukan tebur, wato ƙarin da ake ɗaura masa hagu da dama, ɗora dogon rula ka duba. In bakin waje ya sunkuya, liƙa salatif a mahaɗar ƙasa da notoci. In ya ɗaga, sama da su.

Saitin tsayuwar zarto a digiri 90 da karkatarsa a 45 ka bar su ƙarshe, kuma ka jingina sikwaya a jikin faifan, tsakanin haƙora. Sai ka gwada da guntun katako, ka gaya mana yadda ya fito.