Tambaya da Amsa: Na haddace manyan kalmomin Turanci, amma ba na gane abin da nake karantawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gaya. Bara na zana WAEC, na samu kiredit a sauran darussa, amma Turanci ya zo mini da D7. Yayana ya sayo mini wani ɗan littafi a kasuwar Wudil mai manyan kalmomi dubu da fassararsu da Hausa. Kullum in na dawo daga gona sai in zauna da shi har dare, yanzu na haddace kusan rabi. Amma da na ɗauko tsofaffin tambayoyin jarrabawa, sai in karanta labarin in kasa gane inda ya dosa, kalmomin da na haddace kuma ba na cin karo da su. Mahaifina ya ce wannan ne karo na ƙarshe da zai biya mini kuɗin jarrabawa. Malam, ƙwaƙwalwata ce ba ta ja, ko yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya saka wa mahaifinka da yayanka da alheri. Ka kwantar da hankalinka. Yaron da zai wuni a gona ya dawo ya haddace ɗaruruwan kalmomin baƙon harshe a hasken tocila, babu mai cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta ja. Hanyar da aka ɗora ka a kai ce ba ta ɓullewa, kuma ba kai kaɗai aka ɗora ba.

Wannan ɗan littafin na san irinsa. Ana baza su a tabarma ranar Juma'a kusa da masu littattafan addini, ana yawo da su a tasha, yanzu ma har a WhatsApp ake tura su, wai "kalmomi dubu da za su sa ka zama gwanin Turanci a wata ɗaya". Abin da ke ƙona mini rai shi ne, tushen abin yana wurinmu manya. Mun sa wa yara a kai cewa iya Turanci shi ne fasa kalma mai nauyi. A wajen muhawarar makaranta, yaro ya tashi ya jero kalmomin da shi kansa bai san ma'anarsu ba, a yi ta tafi, malamai na gyaɗa kai. Wanda ya yi magana a sauƙaƙe, kowa ya gane, sai a ce bai iya ba. Daga nan masu neman na cefane suka ga kasuwa, suka tsinto kalmomin da ko Baturen Ingila sai ya shekara bai furta ba, suka liƙa wa kowace fassara guda, suka buga.

Fassara gudan nan ita ce babbar illar. Ɗauki "ci" a Hausa. A ce baƙo ya haddace cewa ma'anarta sa abinci a baki, sannan ya ji an ce wane ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci amana, kasuwa ta ci, wuta ta ci rumbu. Ina zai kama? Turanci ma haka yake. Littafinka zai ce maka "grave" kabari ne. Mai jarrabawa kuma sai ya rubuto "The doctor said her condition was grave", yana nufin jikin ya yi tsanani. Zai ce "novel" littafin labari ne, amma "a novel idea" sabuwar dabara ce. "Sanction" kuwa tana iya zama amincewar hukuma, tana iya zama takunkumi, sai jimlar ta raba gardama. Masu shirya tambaya sun san ma'anar da yara suka haddace, da gangan suke ajiye ta a cikin zaɓin don ta zama tarko. Ka sake duba umarnin da ke takardar WAEC a sashen fahimtar labari: ana neman kalmar da za ta maye gurbin wannan kamar yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin. Ma'anar da ke wurin ake tambaya, ta cikin ɗan littafinka ba ta da kuri'a.

A wajen insha'i ɓarnar ta fi yawa. Maki 50 ne, 20 daga ciki na iya sarrafa harshe ne, 10 na tsabtar rubutu daga kurakurai. Yaron da ya cusa babbar kalma inda ba gurbinta ba, ya kuma yi kuskure wajen rubuta ta, ya yi asara sau biyu a kalma ɗaya. Na sha ganin wasiƙar da aka ce yaro ya rubuta wa kawunsa, ya buɗe ta da jimlar da aka haddatar wa ajinsu gaba ɗaya, mai cike da kalmomin da ba a faɗa wa kawu. Mai makin ya ga irinta a takardu da yawa kafin ya iso taka, ba za ta burge shi ba.

Masana sun auna wannan al'amari. Kalmomi kusan 2,000 da aka fi amfani da su, su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutun Turanci na yau da kullum. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta ƙasar New Zealand ta fitar da jerin kalmomi 570, kowace da danginta, waɗanda ke ɗaukar kusan kashi 10 na rubutun karatun jami'a, irin su "assume", "significant", "establish", "evident". Waɗannan su ne manyan kalmomi na gaskiya, don su ne za ka tarar a labarin jarrabawa da littattafan jami'a, ko a Wudil ka samu gurbi ko a Dutse. Paul Nation kuma ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana buƙatar sanin kusan kashi 98 na kalmomin shafin, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin.

Wannan lissafin shi ne amsar tambayarka. Gano ma'ana daga jimla yana yiwuwa ne idan ka san maƙwabtan kalmar. In a layi ɗaya kalma uku baƙi ne, babu wadda za ta nuna maka 'yar'uwarta. Don haka ka gwada kanka yau: ƙirga kalma ɗari a abin da kake karantawa. In waɗanda ba ka sani ba sun wuce biyar, rubutun ya yi maka nauyi a yanzu, ka sauko. Kada ka ji kunyar aron littafin Turanci na ƙaninka na ƙaramar sakandare. Daga nan ka hau tsofaffin jaridu, ko da waɗanda mai tsire ke naɗi da su ne. Wata dabara mai sauƙi: ka saurari labarai da Hausa a rediyo, sannan ka nemi wannan labarin da Turanci a waya ranar da ka samu data. Tunda ka riga ka san abin da ya faru, kalmomin za su riƙa buɗe kansu.

In ka ci karo da baƙuwar kalma, kada ka tsaya a kanta, ka ƙarasa jimlar, ka ƙara da ta gaba. Duba wannan: "The harvest was so meagre that the family began to buy grain before the rains returned." A ce ba ka san "meagre" ba. Ka dai ga tana siffanta amfanin gona. Ka ga kuma abin da ya biyo baya: gidan sun fara awo tun damina ba ta faɗi ba. Kai manomi ne, ka san wace irin kaka ce ke sa maigida awo da rani. Ma'anarta kaɗan, marar auki. Ga wata: "Unlike his garrulous brother, Sani rarely spoke." Kalmar "unlike" ta gaya maka su biyun sun saɓa, Sani ba ya magana, to ɗan'uwansa mai surutu ne. Ƙananan kalmomin nan da ɗalibai ke tsallakewa, "but", "although", "because", "unlike", "that is", su ne ke nuna maka ko abin da ke tafe dalili ne, ko kishiya, ko ƙarin bayani. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

In ka yi hasashe, mayar da kalmar da ka zaɓa cikin jimlar ka karanta. Ta zauna? Sannan ka lura da sigarta: in an ba ka aikatau na abin da ya wuce, taka ma ta zama ta abin da ya wuce, in jam'i ce ka ba da jam'i. Ka rubuta amsa ɗaya, kada ka jero uku kana fatan ɗaya ta dace.

Gutsattsarin farkon kalma da na ƙarshenta suna taimakawa, amma da hattara. An koya muku "in-" tana kore ma'ana, sau da yawa haka ne. Sai dai "invaluable" abu ne mai matuƙar daraja, "inflammable" da kake gani a jikin tankar mai kuwa gargaɗi ne cewa abin da ke ciki yana saurin kama wuta. Jimlar ce alƙali a koyaushe.

Ƙamus yana zuwa ne bayan hasashe, don ka tabbatar. Ka nemi na masu koyo, mai bayani da Turanci mai sauƙi da misalai, akwai waɗanda ake saukewa a waya su yi aiki ba intanet. Ka ware littafin rubutu guda. Kalma biyar zuwa bakwai a rana sun isa, kowace ka kwafe ta tare da jimlar da ka tsince ta a ciki, ka ƙara taka jimlar a kan gona ko kasuwa ko gidanku. Sai tilawa, kamar yadda ka saba a makarantar allo: na yau ka maimaita gobe, ka koma masa bayan kwana uku, ka sake bayan mako. Abin da ba a yi wa tilawa zubewa yake yi.

Akwai kuma waɗanda za su zo maka in jarrabawa ta matso, tunda sun ji labarin D7 ɗinka. Wani zai ce yana da kalmomin da za su fito bana, wani zai ce a kawo kuɗi a yi maka rajista a cibiyar da ake ba da amsa. Kada ka kai wa mahaifinka wannan magana, hatsin da zai sayar ya biya musu guminsa ne. Ko an rubuta maka WAEC, JAMB a gaban kwamfuta za ka zauna kai kaɗai, tambaya 60 daga cikin 180 na Turanci ne, kuma duka jarrabawar awa biyu ce. Wanda bai saba karatu da sauri yana gane ma'ana ba, lokaci zai ƙare masa yana kan labarin farko. Don haka daga wata mai zuwa ka fara amsa tsofaffin tambayoyin da agogo a gabanka. Duk wadda ka faɗi, ka koma cikin labarin ka nemo kalmar da ta nuna amsar wadda idonka ya tsallake, ka kai wa malamin Turancin makarantarku ya duba maka ranar da ba ku zuwa gona.