Amsa: ƙara faifan ajiya na biyu a kwamfutar tebur

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce faifanka ya cika, kana son ƙara wani ba tare da ka taɓa Windows ba. Zai yiwu, amma kafin ka tafi kasuwa sayayya, buɗe akwatin ka duba abu uku: gurbin faifai mai inci 3.5, kafar SATA (inda ake jona wayar faifai) da ba a amfani da ita a babban allon kwamfutar, wato motherboard, da rarar wayar wuta mai haƙora 15. Ƙananan akwatunan Dell da HP galibi gurbi ɗaya ne da su.

Sayi wayar SATA mai haƙora 7, don galibi ba ta zuwa da faifan. In faifan na hannu ne, a gwada maka lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo a gabanka. In ta nuna launin rawaya, alamar gargaɗi ce, bar musu abinsu.

Zare filogi, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki faifan, musamman da hunturu, don tartsatsin wutar jiki na lalata shi. Ɗaure shi da sukurori huɗu. Bakin wayoyin siffar L ne, kada ka tura da ƙarfi.

Bayan ka kunna ba za ka gan shi ba tukuna. Shiga Disk Management, sashen sarrafa faifai a Windows, zaɓi tsarin rarraba faifai na GPT, domin tsohon tsarin MBR ba ya wuce 2TB, sannan ka yi masa fomat da NTFS, tsarin ajiye fayil na Windows. Don Allah ka tabbata sabon ka zaɓa, ba tsohon ba! In kwamfutar ta ƙi tashi, shiga BIOS, saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka mayar da tsohon faifan na farko a jerin waɗanda take tashi da su. Ka kuma sa UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, don ɗaukewar wuta ana cikin kwafi na ɓata fayil.