Na kama hayar sabon gida, shawa ta ƙi kawo ruwa: wa zai biya kuɗin gyara?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Makonni uku ke nan da na tare da iyalina a wani sabon fulat a hawa na biyu a nan Kano, bayan na biya kuɗin shekara guda cif, har da na dillali. Tun ranar farko shawar banɗaki ba ta zubo ko ɗigo ba, alhali famfon wanke hannu da na kicin suna kawo ruwa, ko da yake ba da ƙarfi ba. Dillali ya daina ɗaukar wayata, mai gida kuma ya ce gidansa sabo ne dal, in nemo mai gyara da kuɗina. Mai gyaran famfon da na kawo ya ce sai an fasa tayil. Shin in fasa in cire kuɗin daga hayar baɗi, ko in nemi a mayar mini da kuɗina in tashi?

Amsa: Malam, kada ka bari guduma ta taɓa tayil ɗin nan tukuna. A yau kai ne mai ƙorafi, amma ranar da ka fasa bangon mutum ba da izininsa ba, shi ne zai zama mai ƙara, kai kuma ka koma kare kanka a kan ɓarna.

Kafin a zo kan doka sai an san inda matsalar take, domin wurin da take shi ne zai nuna wanda gyara ya hau kansa. Ka sa a kwance kan shawar a buɗe famfo a gani, saboda a sabon gini yashi da ɓarɓashin siminti sukan taru su toshe ƙananan hudojinsa. A duba makullin ruwa na banɗakin, wanda magina kan rufe lokacin aiki su manta, a kuma duba ɗan mariƙin da ke karkatar da ruwa daga famfon ƙasa zuwa sama. Wani lokaci kuma iska ce ke maƙalewa a bututu bayan tanki ya ƙafe an sake cika shi. Sai dai abin da ka faɗa, cewa sauran famfunan ma ruwansu ba shi da ƙarfi, ya sa na fi zargin tankin sama. Ƙarfin ruwan da ke saukowa daga tanki ya dogara ne ga yadda tankin ya ɗara bakin famfo tsawo, kuma kan shawa shi ne mafi tsawo a duk gidan, don haka shi ke fara yin shiru idan ba a ɗaga tankin sosai ba. Ka tambayi maƙwabcinka na hawa ɗaya ko tasa shawar tana aiki. Idan shi ma da bokiti yake wanka, to ko an fasa banɗakin gaba ɗaya ruwa ba zai zo ba, sai an ɗaga tanki ko an sa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, kuma wannan aiki ne a kan kayan da duk 'yan haya suka yi tarayya a kai.

Yanzu ka ɗauko takardar yarjejeniyarku, don kotu ita za ta fara karantawa. Yawancin irin waɗannan takardu sukan ɗora wa mai gida gyaran jikin gini da rufi da manyan bututu, su ɗora wa ɗan haya kula da cikin gida, ban da lalacewar da tsufa da amfani na yau da kullum ke jawowa. Idan taka haka ta ce, bututun da ke binne cikin bango da tankin da ke bisa gini sun fi kusa da ɓangaren mai gida. Ka kuma duba ko an lissafa kayan da ke cikin gidan, ko an yi alkawarin samar da ruwa, musamman idan kana biyan wani kuɗi daban na hidimar rijiyar burtsatse da inji.

Idan takardar ta yi shiru, ko kuma rasit kawai aka ba ka, to gaskiyar magana ba za ta yi maka daɗi sosai ba. Dokar Ingila da muka gada ba ta ɗauka kai tsaye cewa mai gida ya lamunce lafiyar gidan da ya bayar haya babu kayan ɗaki, domin ana ganin ɗan haya ya duba kafin ya biya. Inda ta sassauta shi ne gidan da aka bayar da kayansa, kamar yadda aka yanke a shari'ar Smith da Marrable a 1843, inda kuɗin cizo ya kori masu haya kuma kotu ta ce suna da damar tashi. A ɗaya gefen, abin da ake nema daga ɗan haya shi ma ba mai yawa ba ne. A shari'ar Warren da Keen ta 1953, Mai shari'a Denning ya kwatanta shi da ƙananan ayyukan gida, irin su buɗe magudanar wanke-wanke da mutum ya toshe da kansa. Wanke kan shawa yana cikin wannan sahu, amma gyaran aikin da magini ya ɓata tun kafin ka shigo ba ya ciki. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta fito fili ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren tarayya, sai dai ita ba ta aiki a Kano. Wata ƙofar da za ta iya yi maka amfani ita ce maganar dillali: idan ya tabbatar maka cewa komai yana aiki kuma a kan haka ka biya, saƙonsa na waya ko shaidar wanda ya raka ka duba gidan hujja ce.

Tun da mai yiwuwa maganar ta kai gaban malamai ko alƙalin kotun Musulunci, ya kamata ka san matsayin Malikiyya. Abin da ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil shi ne ba a tilasta wa mai gida yin gyara, amma idan aibin mai cutarwa ne ɗan haya yana da zaɓi ya warware hayar, idan kuwa ya zaɓi ya ci gaba da zama to kuɗin haya ya hau kansa. A ganina zai yi wuya a ɗauki shawa ɗaya a matsayin aibin da ya kai a warware haya, matuƙar akwai ruwa a sauran famfuna. Saboda haka ban ba ka shawarar ka kwashe kaya ka tashi da zaton za a mayar maka da kuɗinka ba, sai idan mai gidan ya yarda a rubuce.

Cire kuɗin gyara daga haya abu ne da doka ta sani, amma da sharuɗɗa: gyaran ya kasance wajibi ne a kan mai gida, an sanar da shi, an ba shi lokaci ya ƙi, kuma kuɗin da aka kashe bai wuce kima ba. Kai kuma ka riga ka biya shekara, don haka babu abin cirewa sai lokacin sabuntawa. Idan ka rage kuɗi a lokacin ba tare da amincewarsa ba, zai kira shi bashin haya. Ka tuna kuma idan yarjejeniyarku ta shekara ɗaya ce tak mai ranar ƙarewa, yana iya ƙin sabuntawa, kuma wa'adin wata shida da mutane ke yawan ambata na mai haya shekara-shekara ne wanda takardarsa ba ta yanke wani wa'adi daban ba. Ko a hakan ba shi da ikon fitar maka da kaya ko yanke maka ruwa, sai ta hanyar kotu.

Abin da zan so ka yi a wannan makon shi ne ka ɗauki bidiyon shawar a buɗe ba ruwa, ka karɓi bayanin mai gyara a rubuce da ƙiyasin kuɗi, zai fi kyau daga mutum biyu, sannan ka rubuta wa mai gida takarda cikin ladabi, ka aika wa dillali kwafi. Ka faɗi ranar da ka tare da ranar da ka fara sanar da shi, ka ba shi kamar kwana 14, ka kuma ba shi zaɓi biyu: ya turo nasa mai gyaran, ko ya sa hannu cewa ka gyara a cire daga hayar baɗi. Idan ya yi kunnen uwar shegu, ka fara da mai unguwa ko cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jihar Kano. Idan kuma ka kashe kuɗi da izininsa ya ƙi biya, kotun ƙananan da'awa tana sauraron irin wannan ba dole sai da lauya ba, kuma za ta nemi ganin takardar neman biya da ka aika masa, tare da rasit na kowane bututu da ka saya.