Hukuncin aiki da sinadarin MK-801 a ɗakin gwaji

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a fannin ilimin magunguna, a bincikenmu muna yi wa ɓeraye allurar MK-801 sai su rikice kamar masu taɓin hankali, sannan mu gwada magani a kansu. Abokina ya ce ai kayan maye ne, ko rigata ya taɓa ba zan yi sallah da ita ba. Ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Shi wannan sinadari kamfanin Merck ne ya samar da shi a 1982, aikinsa ya toshe wata kafa a ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA, wadda saƙon glutamate, wani sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa, ke bi wajen koyo da riƙe abu a kai. An so a yi magani da shi amma aka ga yana sa gane-gane, kuma a 1989 wani mai bincike ɗan Amurka, John Olney, ya nuna yana taɓa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera, shi ya sa ya tsaya a ɗakin gwaji. Danginsu ɗaya da ketamin ɗin da ake sumar da mutum da shi in za a yi tiyata.

To abokinka ya haɗa abu biyu ne, gusar da hankali da kuma najasa. Imamul Ƙarafi, malamin Malikiyya, a cikin littafinsa Al-Furuƙ ya raba mai gusar da hankali gida uku, muskir mai zuwa da nishaɗi irin giya, da mufsid mai dagula hankali, da murƙid mai ɗauke ji da gani, kuma najasa da haddi a kan muskir kaɗai suke. Naka wannan yafi kusa da mufsid, don haka rigarka da tsarkinta, ka yi sallarka. Saye da ajiya da aunawa don bincike duk halal ne.

Amma fa ka ɗanɗana don jin ya yake, ko ka fitar da shi ka ba wani, haramun ne ba ja, guba ce.

Inda nafi jin tsoro ɓerayen ne wallahi, ba rigar ba. An halatta kashe ɓera, amma ba a halatta azabtar da shi ba, Annabi (SAW) ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, kuma mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta kulle ba ci. Kar ka wuce adadin da binciken ke buƙata, ka ba su abinci da ruwa, ka bi ƙa'idar kwamitin makarantarku mai kula da bincike da dabbobi, in lokacin kashewa ya yi a yi da sauri bayan an sumar da su. Wallahu a'alam.