Muryar Yaya a kan katangar tsaron kwamfutar Baba

Salamu alaikum jama'ar gida. To ƙanena, na ji muryar da ka turo jiya da daddare, barci ne ya sace ni ban amsa ba. Ka ce kwamfutar nan ta ɗakin Baba har yanzu Windows XP ce a kanta, da modem take shiga intanet, sai an danna Dial ta kira layi tukuna. Wai kuma wani abokinka ya ce ba ta buƙatar fayawol, wato katangar tsaro, tunda ba kwana take a kan layi ba, minti goma Baba ya duba saƙonsa ya sauka.

Wannan abokin naka bai ga zamanin ba ne. A watan Agustan 2003 ina aiki a wani kafe, sai ga wata cutar kwamfuta da ake kira Blaster. Wallahi da idona na gani, ka zauna ka ɗora sabuwar Windows fes, ka haɗa layi don ka sauke maganin, kafin ya gama sauka sai wani ɗan akwati ya fito yana ce maka kwamfuta za ta mutu nan da daƙiƙa 60, yana ƙirgawa a gabanka. Ba shafin da ka buɗe, ba abin da ka danna. Ita cutar ba ta san sunanka ba, adireshin kwamfutoci take bi ɗaya bayan ɗaya kamar ɓarawon da ke zaga unguwa yana taɓa ƙyaure, inda ya ji a buɗe ya faɗa. Ƙofa mai lamba 135 take nema. Da shekara ta zagayo, 2004, sai ga Sasser, ita kuma ta ƙofa 445, wani yaro ɗan makaranta a Jamus ya rubuta ta. Mun haddace shutdown -a a lokacin kamar karatun allo, shi ne yake tsayar da ƙirgar. Saboda haka zancen minti goma ba hujja ba ne. Kuma ka lura, mai rauta a gida, wato na'urar da ke raba intanet wa kwamfutoci, yana da zaure, baƙo sai ya tsaya a can. Mai kiran layi kai tsaye kuwa, ƙofar ɗakinsa ce a bakin titi.

To yanzu ga abin da za ka yi, kuma ka yi shi kafin ka haɗa layi, ba bayan ka haɗa ba. Danna Start, ka shiga Run, ka rubuta winver. Zai nuna maka ko akwai Service Pack 2 ko 3, wato babban ƙunshin gyaran da Microsoft suka yi wa XP. Wannan shi ne mararrabar, domin XP ta farko da ta fito a 2001 tana da katangar amma a kashe take zuwa, sai da Service Pack 2 ya fito a Agustan 2004 Microsoft suka mayar da ita tana zuwa a kunne.

In ka ga 2 ko 3, koma Run ka rubuta firewall.cpl. Ka tabbata ɗigon yana kan On. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan akwati, Don't allow exceptions, ni dai in kwamfutar Baba ce zan sa masa alama in huta, tunda ba wani abu yake rabawa da kowa ba. Sannan, kuma nan ne mutane suke tuntuɓe, ka shiga shafin Advanced da ke sama. Za ka ga jerin hanyoyin haɗi. Duba sunan modem ɗin Baba, ka tabbata akwai alama a gefensa. Sau nawa na tarar da katanga a kunne amma an cire alamar daga kan layin da ake amfani da shi, an bar ta a kan wayar da ba a ma jona ba. Ka ga an yi gadin kango ke nan.

In kuma tsohuwar ce, ba Service Pack 2, sai ka bi ta Control Panel, Network Connections, ka danna dama a kan layin, Properties, Advanced, ka sa alama a akwatin da ya fara da Protect my computer. Kana nan ɗin kada ka fita, leƙa shafin Networking ka cire alamar File and Printer Sharing. Ba ruwan layin waje da fayilolin Baba. Kuma kada ka ce za ka sauke Service Pack ta modem, abin ya haura megabait 250, a layin 56k na da kusan kwana ake yi, kuma in wani ya ɗaga wayar gida layin ya tsinke. Nemo shi a filas wurin mai gyara da ka yarda da shi.

Af, na kusa mantawa. Kana cikin Properties ɗin nan, duba lambar da modem yake kira. In irin modem ɗin filas ne mai layin waya, yawanci *99# za ka gani. In layin gida ne, ka tabbata lambar kamfanin ce. Akwai wasu miyagun manhajoji a da da suke sauya lambar a ɓoye zuwa wata ta ƙasar waje mai tsada, sai ƙarshen wata mai gida ya ga bil ya riƙe baki. Katanga ba ta hana wannan, idonka ne kawai.

Batun gwaji kuma, akwai shafin ShieldsUP na wani Ba'amurke Steve Gibson. Shi zai ƙwanƙwasa ƙofofinka daga waje ya nuna maka: ja a buɗe take, shuɗi a rufe, kore kuwa ko amsawa ba ta yi, kamar ba kowa a gidan. Kore ake so. Sai dai abu biyu. Tsohuwar burauzar XP tana iya ƙin buɗe shafin. Kuma in modem na layin wayar hannu ne, sau da yawa kamfani ya tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, to na'urarsu aka gwada, ba taka ba. Kada kore ya ruɗe ka, abin da ka gani da idonka a firewall.cpl shi ne abin dogaro.

Wani zai ce maka sa ZoneAlarm, katangar tsaro ta wani kamfani daban. Mun yi yayinta, kuma tana da abin da ta fi ta XP, domin ta XP mai shigowa kawai take tarewa, ita kuwa har mai fita tana tambaya. Amma ka san Baba, duk akwatin da ya fito Allow zai danna don ya kauce masa daga gaba. Bar shi da ta Windows, kuma kada ka haɗa biyu, faɗa suke yi.

Gaskiyar da ba za ka so ji ba ita ce, tun 8 ga Afrilun 2014 Microsoft suka daina yi wa XP faci, wato gyaran da ke toshe kafofin tsaro. Katanga za ta tare mai ƙwanƙwasawa, amma abin da Baba ya buɗe da hannunsa, ko filas da jikoki suka jona, ba ta da iko a kai. Don haka kada ya sake shiga harkar banki a kanta. Rubuce-rubucensa da hotunan aikin Hajji ka kwafe su a wani wuri yau ɗin nan.

In ka yi winver ɗauko hoton ka turo nan in gani. Ka gaida Baba, ka ce masa ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda.